Kafin Ka Huda Jikin Jirgi: Yadda Ake Zaɓar wa Kowace Eriya Mazauninta

Rediyon ƙaramin jirgi yana shaƙewa, hasumiya tana cewa ba ta jin matuƙi da kyau, GPS kuma yana ɗaukewa duk lokacin da aka danna maɓallin magana. Abin da ke fara faɗo wa mai jirgi a rai shi ne a cire rediyon a sayo sabo. Ƙanena, dakata tukuna. Sau da yawa rediyon lafiyarsa ƙalau. Matsalar tana waje: inda aka dasa eriya, abin da ke ƙarƙashinta, da wayar da ta haɗa ta da na'urar.

Wannan shawara taka ce idan kana koyon aikin na'urorin jirgi, a Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya ko a wata rumfar gyara. Taka ce kuma idan kana harhaɗa jirgi mai kujera biyu da hannunka, irin RV-6A na kamfanin Van's, wanda daga jikinsa aka samo Air Beetle da aka harhaɗa a Kaduna don horar da matuƙan sojan sama. Jirgin da ke da takardar shaida daga hukuma ba a huda shi sai da amincewar da doka ta tanada da sa hannun injiniya mai lasisi. A Najeriya, ƙa'idar NCAA za ka bi. Wannan ka riga ka sani, mu shiga aiki.

Gobe da safe ka zo da takarda, biro, tef ɗin awo, salatif na takarda, tocila, da littafin haɗawa na kowace na'ura. Injin huda ya yi zamansa a akwati. Ba ranarsa ba ce.

1. Rubuta eriyoyin duka, da wanda kowace take magana da shi.

Rediyon magana yana aiki tsakanin 118 da 137 MHz, da hasumiya da sauran jirage yake hulɗa. VOR da lokalaiza, masu nuna wa jirgi hanya, suna tsakanin 108 da 118 MHz. Na'urar da ke nuna gangaren sauka tana wajen 329 zuwa 335 MHz. Tiransfonda tana karɓar tambayar rada a 1030 MHz, ta ba da amsa a 1090. GPS yana sauraron taurarin ɗan'adam a 1575.42 MHz. ELT, na'urar neman agaji idan jirgi ya faɗi, tana kira a 406 da 121.5 MHz.

A gaban kowace ka rubuta abu biyu: sama take kallo ko ƙasa, kuma sauraro kawai take yi ko tana watsawa. Jikin alminiyam ba ya barin igiyar rediyo ta ratsa shi. Saboda haka, a dunƙule, mai sauraron sama ta hau gadon bayan jirgi, mai magana da ƙasa ta koma ƙarƙashin ciki.

2. Manna salatif, sannan ka leƙa ciki.

Duk inda kake tunanin dasa eriya, manna guntun salatif ka rubuta sunanta. Auna tazarar da ke tsakaninsu, ka rubuta a zane. Daga nan ka buɗe murfin dubawa ka haska tocila. Me ke bayan wurin? Wayar sarrafa jela, bututun mai, haƙarƙarin jirgi, ko bututun birki? Hannunka zai iya kaiwa ya ɗaure noti? Wurin da ya yi kyau daga waje amma hannu ba ya kaiwa daga ciki, bar shi. Watarana sai an kwance eriyar nan.

3. GPS ya fara zaɓar wuri.

Shi ne mafi rauni a cikinsu. Taurarinsa suna nisan kusan kilomita 20,200, abin da ke isowa jirgi kuma bai kai ƙarfin hayaniyar da ke kewaye ba. Kamar mai sauraron raɗa ne a gidan biki: ba ka zaunar da shi kusa da makaɗa.

Sa shi a saman jiki, a wurin da zai zauna a miƙe idan jirgi yana tafiya daidai a sama, ba yadda yake tsaye a ƙasa ba. Jirgi mai tayar jela yana kallon sama idan yana fake, kada wannan ya ruɗe ka. Tsaya a inda salatif ɗin yake ka duba kewaye: jela mai tsaye, fiffike, ko wata doguwar eriya za su yi masa inuwa? Matsar da shi har sararin sama ya buɗe masa ta ko'ina.

Bar aƙalla santimita 60 tsakaninsa da eriyar rediyon magana. In wuri ya ba ka mita ɗaya, karɓa. Ga dalili. Rediyo idan yana watsawa, ba a kan lambar da ka zaɓa kaɗai yake fitar da ƙarfi ba, yana zubar da ɗan kaɗan a kan ninkin lambar. Ɗauki 121.2 ka ninka sau 13, za ka samu 1575.6. Ɗauki 131.275 ka ninka sau 12, za ka samu 1575.3. Duka biyun sun faɗa kan GPS. Riƙe waɗannan lambobi, za mu dawo kansu wajen gwaji.

Kada ka yi wa eriyar GPS fenti. Mai fenti zai so ta dace da launin jirgi, ka ce masa a'a.

4. Tiransfonda ta sauka ƙasa, nesa da kowa.

Ita ce mai babbar murya. Tana harba gajerun bugu masu ƙarfin wat 125 zuwa 250, gwargwadon irinta. Mazauninta ƙarƙashin ciki ne, a tsaye, inda ƙafafun jirgi da salansa ba za su tare ta daga rada ba. Bar kusan mita ɗaya tsakaninta da eriyar rediyon magana. Idan jirgin yana da DME, na'urar auna nisa, nisanta eriyoyinsu kusan mita biyu, domin zangonsu ɗaya ne. Saƙon ADS-B, mai sanar da inda jirgi yake, idan a 1090 MHz yake aiki, ta wannan eriya yake fita, don haka kuskure a nan yana shafar biyu.

Kada ka sa ta daidai bayan bututun da inji ke fitar da hucin mai. Mai zai lulluɓe ta, ƙura ta manne, amsarta ta raunana. Sa ta ɗan gefe, kuma duk wankin jirgi a goge ta. Iri biyu ake samu: siririyar sanda mai ƙwallo a kai, da mai kamar ƙaramar wuƙa. Mai sanda ta fi araha, amma burushin mai wanki yana lanƙwasa ta ba tare da kowa ya lura ba. In kuɗi ya kai, ni mai wuƙa zan zaɓar maka.

5. Rediyon magana: ɗaya sama, ɗaya ƙasa.

Igiyarsa a tsaye take tafiya, saboda haka eriyarsa a tsaye za ta kasance. Tsawonta kusan santimita 60 ne, wato rubu'in tsawon igiyar.

Idan rediyo biyu gare ka, mafi kyau ka sa eriya ɗaya a sama, ɗaya a ƙarƙashi, jikin jirgin ya shiga tsakaninsu. In dole duka biyu su zauna gefe guda, kada tazararsu ta gaza santimita 90. Idan suka matsu, kana magana da na ɗaya, na biyu yana toshewa.

Kowace tana da inda ta fi. Ta sama ta fi jin hasumiya idan jirgi yana ƙasa, domin ta ƙarƙashi tana ɓoye tsakanin ciki da kwalta. Ta ƙasa ta fi kaiwa nesa idan an hau, domin tashoshin suna ƙarƙashinka. In eriya ɗaya ce tak, a jirgin koyo da ke yini yana tashi da sauka a fili guda, sama na fi so. Ta ƙarƙashi kuma galibi mai lanƙwasa ake sawa don kada ta taɓa ƙasa, wannan lanƙwasar tana ɗan rage mata ƙarfi a farko da ƙarshen zango. Auna tsayin da ya rage tsakaninta da ƙasa lokacin da jirgi ke ɗauke da cikakken kaya, ka kuma tuna da taya da ta sace.

Ta sama kuwa, nisanta ta da jela mai tsaye ta ƙarfe. Idan ta matso kusa, jelar za ta karkatar da ƙarfinta, a ji ka da kyau ta gaba, a rasa ka ta baya.

6. Duba abin da ke ƙarƙashin eriya. A nan aka fi yin ɓarna.

Sandar da kake gani rabin eriya ce kawai. Ɗaya rabin shi ne shimfiɗar ƙarfen da ta zauna a kai. A jirgin alminiyam kamar Cessna 172 ko RV, fatar jirgin ce ke wannan aiki, muddin gindin eriyar ya haɗu da ita ƙarfe da ƙarfe. Zaɓi wuri mai faɗi, ba bakin taga ba, ba kan ƙaramin murfin dubawa ba. Ga rediyon magana, abin da ake so shi ne ƙarfe ya kai kusan santimita 60 ta kowane gefe. Ba kullum ake samun haka a ƙaramin jirgi ba, amma ka kusanta iya ƙoƙarinka, eriyar kuma ta zauna a tsakiya.

Jirgi mai rufin yadi a kan bututun ƙarfe, irin Piper Cub, ba shi da wannan fata. Kai za ka yi masa. Ko dai faifan alminiyam a ƙarƙashin yadin, ko siraran tef na jan ƙarfe guda huɗu ko fiye, kowane kusan santimita 60, su fito daga gindin eriya su bazu ta kowace fuska, a haɗe su sosai a tsakiya.

Jirgin faibagilas kuma labarinsa daban ne, kuma yana da daɗi. Igiyar rediyo tana ratsa faibagilas, don haka ana iya ɓoye eriya a ciki. Masu harhaɗa irin waɗannan jirage sukan manna eriya mai hannu biyu ta tef ɗin jan ƙarfe a cikin jela mai tsaye, tsawonta ɗan sama da mita ɗaya. Ita ba ta buƙatar shimfiɗar ƙarfe, iska kuma ba ta ja da ita. Amma tabbatar da abin da aka yi jikin da shi. Kabon faiba yana tare igiya. Fenti mai ƙyallin ƙarfe ma yana rage ta. Jirage da yawa na zamani sun haɗa faibagilas da kabon, saboda haka kada ka yanke hukunci da ido, buɗe littafin jirgin.

Faifan da tiransfonda ke buƙata a jirgin da ba na ƙarfe ba ƙarami ne, tun da eriyarta kusan santimita 7 ce. Girmansa da siffarsa ka bi abin da mai na'urar ya rubuta, domin kamfanoni sun sha bamban a nan.

7. VOR a kwance take.

Igiyar VOR da lokalaiza a kwance take tafiya. Shi ya sa kake ganin sanduna biyu masu siffar V a saman jela. Can ne mazauninta na asali: nesa da inji, tana gani gaba da baya. Eriya ɗaya tana iya ciyar da na'urori biyu har da ta gangaren sauka ta hanyar ƙaramin akwatin rabawa. Wannan ya halatta domin sauraro kawai suke yi. Kada ka taɓa raba eriyar rediyon magana da irin wannan akwati.

Nisanta ta da farfela yana da dalili. Lokalaiza tana gane hagu da dama ne da sauti biyu, 90 da 150 Hz. Farfela mai ruwa biyu da ke juyi 2,700 a minti tana yanka iska sau 90 a sakan. Idan ka ga allura tana rawa a wani juyin inji, ta lafa da ka ɗan rage ko ka ƙara, to ka san inda za ka duba.

Idan jelar jirgin gajeriya ce, sandunan nan suna daidai idon mutum. Rataya musu jan ƙyalle a rumfa.

8. ELT: yi tunanin ranar da ba a fata.

Na'urar tana zama can baya, inda jiki ya fi tsira. Eriyarta ta hau sama, kusa da ita, gaban jela. Waya ta zama gajeriya amma da ɗan sassauci, kada kuma ta tsallaka mahaɗar da jirgi zai iya rabewa. Idan wayar ta tsinke, na'urar za ta yi ta kira babu mai ji. Tun 1 ga Fabrairu 2009 taurarin Cospas-Sarsat suka daina sauraron 121.5 MHz, don haka in jirgin yana ɗauke da tsohuwar na'ura, maye ta da mai 406 kuma a yi mata rajista. Bar tazara tsakanin eriyarta da ta rediyon magana da ta GPS. ELT, ko a kashe take, tana iya karɓar ƙarfin rediyo ta mayar da shi hayaniya a kan GPS.

Tsofaffin eriyoyin ADF da makamantansu da ba sa haɗe da komai, a cire su a toshe ramin bisa ƙa'ida. Nauyi ne da jan iska a banza.

9. Yanzu ka ɗauko injin huda.

Fatar ƙaramin jirgi siririya ce, iska kuma tana jijjiga eriya duk tsawon tafiya. Sa facin ƙarfafawa na alminiyam daga ciki, a kama shi da ribit, in da hali ya haɗu da haƙarƙari mafi kusa. In babu shi, tsaga za ta fara daga ramin sukuru. Babi na 3 na takardar AC 43.13-2B ta hukumar jiragen saman Amurka ya nuna yadda ake wannan da zane, ya kamata kwafinta ya kasance a rumfarku.

Kankare fenti a inda littafin eriyar ya ce ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, ka shafa maganin hana tsatsa irin wanda wuta ke ratsawa. Bayan ɗauri, auna tsakanin gindin eriya da jikin jirgi. Abin da ake nema bai wuce 0.003 om ba. Ƙaramar mitar aljihu ba za ta iya karanta wannan ba, sai ta musamman, ka aro.

Zagaye gindin da gam mai toshe ruwa, ka bar ƙaramar kafa ta baya ga eriyar ƙarƙashi idan littafinta ya nemi haka. Shinshina gam ɗin kafin ka shafa. Silikon mai tsamin wari irin na binega yana cin alminiyam a hankali. Nemi wanda aka yi don jirgi.

10. Kada ka yi rowa wajen waya.

Sayi RG-400. Rigar kariyarta biyu ce, tana jure zafi, ta fi tsohuwar RG-58 nesa ba kusa ba. Duk wayoyin nan masu om 50 ne. Wayar dish ta talabijin mai om 75 ce, kama kawai suka yi, kada ta shigo jirgi.

Wayar tiransfonda ta zama gajeriya. A 1090 MHz ƙarfi yana zubewa da sauri, da RG-400 kada ka wuce kusan mita uku sai littafi ya yarda. GPS kuwa, wasu na'urorin suna da iyaka ta sama da ta ƙasa, wato waya tana iya yin gajarta fiye da kima. Karanta kafin ka yanka.

Kada ka karya ta a kwana, bi da ita a lanƙwasa mai faɗi. Kada ka matse ta da maɗauri har ta lotsa. Raba hanyarta da wayoyin filogi, na altaneta da na fitilu masu walƙiya. Inda za ta ratsa ƙarfe, sa mata zoben roba. Kawunan BNC da TNC a matse su da matsin da aka yi don girmansu, sannan ka ja da hannu ka tabbatar. Idan ka gama, wani ya motsa sitiyari da feda har ƙarshe, kai kana ciki da tocila kana kallon ko wani abu yana gogar waya.

11. Gwada a ƙasa, a waje da rumfa.

Rufin kwano yana rikita awo, turo jirgin fili. Haɗa mitar SWR, mai auna ƙarfin da eriya ke mayarwa baya, a wayar rediyon magana, ka auna a farkon zango, tsakiya da ƙarshe. Ƙasa da 2:1 ya yi kyau. Idan ya haura 3:1, akwai matsala, ka fara duba kan waya da gindin eriya.

Sanar da hasumiya, sannan ka buɗe shafin GPS mai nuna ƙarfin kowane tauraro. Danna maɓallin magana kimanin sakan 30 a kan 121.150, 121.175 da 121.200, sai 131.250, 131.275 da 131.300. Idonka a kan sandunan. Idan suka zube, cire wayar eriyar ELT na ɗan lokaci ka maimaita. In sun tsaya, ka gano mai laifi, sai a matsar da eriyarta. In ba su tsaya ba, akwai ƙaramar matata ta 1575.42 MHz da ake ɗaurawa a bayan rediyo. Kada ka manta ka mayar da wayar ELT.

Daga nan a tayar da inji. Buɗe rediyo har ka ji shuu ɗinsa, ka kunna kayan wuta ɗaya bayan ɗaya. Fitilun LED masu araha da cajar waya ta kasuwa suna yawan cika zangon jirage da hayaniya. Wanda ka kunna shuu ya ƙaru, shi ne.

Mu da ke tashi cikin ƙurar hunturu muna da ƙarin abin lura. Ƙura tana gogar jikin jirgi ta tara masa caji, cajin kuma idan bai samu mafita ba sai ya riƙa tartsatsi ta kan eriya, rediyo ya cika da ƙara. Idan jirgin yana da siraran wutsiyoyin sauke caji a bayan fukafukai da jela, duba ko sun cika, ka kuma duba ƙananan wayoyin da ke haɗa sassa masu motsi da jiki.

12. Gwada a sama, da takarda a gwiwa.

Wannan zangon rediyo sai inda ido zai iya kaiwa yake zuwa. A fili mai shimfiɗe, daga tsayin ƙafa 1,000 ana sa ran kusan kilomita 70, daga ƙafa 5,000 kusan 160. Da wannan za ka auna abin da ka samu.

Matuƙi ya yi nisa da tasha daidai gwargwado, ya zagaya da'ira cikakkiya a hankali ba tare da karkata sosai ba. Kai kana sauraro kana rubuta fuskar da sauti ya raunana. A fuskoki huɗu ku nemi hasumiya ta faɗi yadda take jin ku, daga 1 zuwa 5, ku kuma tambayi masu rada ko tiransfonda tana ɓacewa a wani juyi. Idan raunin kullum a fuska ɗaya yake, wani sashe na jirgin ne ke yin inuwa, zanenka na ranar farko zai nuna maka wanne.

Da kun sauka, shigar da aikin a littafin jirgi, a gyara lissafin nauyi da daidaito, a sa hannu. Lambobin SWR da na awon gindi ka rubuta su tare da kwanan wata. A dubawar shekara mai zuwa ka sake aunawa ka kwatanta, in sun tashi ka kwance gindin eriyar ka nemi tsatsa.